Layi na Dubu Huɗu da Tara

A Sheffield, a ɗakin da ke saman shagon wanki,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho,
na haƙa rijiya da yatsu goma.
Shekara shida, kullum bayan isha'i,
ina ɗinka manhajar da ke raba wa ma'aikatan jinya
kwana da wuni, don kada gajiya ta kashe wani.
Ban sa mata murfi ba.
Na rubuta a bakinta: kowa ya sha,
amma wanda ya ƙara mata zurfi
kada ya kewaye ta da ƙaya.
Sharaɗin ke nan, ba na biyu.

Aka sha.
Wata Morag daga Dundee ta gyara min lissafin ranakun hutu,
wani yaro a Recife ya toshe ɓarakar da ban gani ba.
Ban san fuskokinsu ba, hannunsu na sani,
kamar yadda ake gane mai tuwo daga malmala.

Ran wata Talata ambulan ya faɗo ta ramin ƙofa.
Takarda mai santsi, mai nauyin jifa.
Kamfanin da ke bene na sha tara a Landan
ya ce tasu na leƙa, tasu na kwafa,
in rufe tawa cikin kwana sha huɗu.
A da, rijiya ta bayar, guga ya hana.
Yau guga ne ya kai rijiya ƙara.

Lauyoyinsu bakwai, takardunsu a kan amalanke.
Ni da Misis Oddie, da laimarta mai karyayyen haƙarƙari,
ba ta karɓi ko fam ɗaya ba,
sai shayi, shi ma ba sukari.
Wata goma sha tara tana roƙon abu guda:
a buɗe akwatin nasu, a ga ciki.
Suka ce sirrin kasuwa ne.
Alƙali ya ce ranar wanka ce,
ko da yake ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba.

Masani ya bi layi-layi, yana gyara tabarau,
har ya tsaya a na dubu huɗu da tara.
Wani rubutu ne a gefe, wanda na'ura ba ta karantawa,
irin wanda magini ke bari a jikin bango don kansa.
Ba Turanci ba ne.
Babban lauyansu ya miƙe, ya ce alamar sirri ce ta injiniyoyinsu.

Aka nemo tafinta.
Malam Haladu, mai tuƙin tasi a Peckham,
ya rantse, ya matso, ya karanta a hankali:
"Uwani ta farka, haƙori ne. Zan ƙarasa gobe."

Uwani tana bayana a kan benci,
tana kaɗa ƙafa, takalmin makaranta bai kai ƙasa ba.
Haƙorin nan ya fito, ya yi aikinsa, ya faɗi bara.
Ban ƙarasa ba kuwa.
Kuskuren yana nan, sun kwashe har da shi,
sun sayar wa asibitoci arba'in da tsada.

Kada ku ce mun ci.
A baranda aka sasanta, ƙofa a rufe,
na sa hannu ba zan faɗi nawa ba.
Ba su ce a yi haƙuri ba.
Kafin bazara sun fito da sabuwa,
sun goge sunan 'yata, sun canza launin tambari.
Morag ta gaji ta bar mu tun tsakiyar shari'a.
Furfura ta kama gemuna ta gefen hagu.

Jirgin ƙasa ya makara, mun iso cikin ruwa.
Na kwantar da Uwani, na kunna kwamfuta,
bututu ya yi tarinsa.
Na gangara layi na dubu huɗu da tara,
na zauna.
Goben ta zo.